Giyar alkama a tukunyar lantarki mai famfo: zangon digiri 44 yana da amfani ko wahalar banza ce?

BaƙonIsar:
Jama'ar zaure barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a wannan harka. Shekarata shida a kusa da Munich, kuma bara na sayi irin tukunyar nan ta lantarki mai cin lita 30, wadda ake zuba tsiro (hatsin da aka tsirar aka busar) a kwando, famfo yana jan ruwa daga ƙasa yana zubo shi ta sama. Na dafa giyar sha'ir sau huɗu lafiya lau, zafi ɗaya, digiri 66 awa guda, shi ke nan.

Ranar Asabar ɗin waccan na ce bari in gwada ta alkama irin ta mutanen nan, wadda suke kira Weizen. Tsiron alkama kilo 3, na sha'ir kilo 2, ruwa lita 17. Na tsara mata zango huɗu, wato matakan zafi da ake tsayawa a kansu: digiri 44 minti 15, sai 63 minti 35, sai 72 minti 25, sai 78 minti 10. Zangon farko ya wuce ba wani abu. Tukunya na fara hawa zuwa 63 sai na ga ruwa ya taru a saman kwando ya ƙi sauka, famfo ya kama wani irin kuka kamar mai shaƙuwa, can sai na ji ƙauri. Da na ɗaga kwando, gindin tukunya ya yi ƙanzo baƙi ƙirin daidai inda hita take. Na kankare na ƙarasa dahuwar haka nan don kada kayan su tafi a banza.

Yau na ɗanɗana. Cikin ƙanshi biyu da aka san Weizen da su, na ayaba akwai, na kanumfari babu ko alama, ƙauri kuwa har maƙogwaro. To zangon 44 ɗin nan don kanumfarin na yi shi. Shin yana da amfani da gaske, ko in koma zafi ɗaya in huta?

Injiniya_Kakuri:
Kafin a kai ga kanumfari, bawul ɗin famfon naka a buɗe yake gaba ɗaya?

BaƙonIsar:
Gaba ɗaya, Injiniya. Haka na saba yi da sha'ir.

Injiniya_Kakuri:
To nan gizo ke saƙar. Famfo ba ruwansa da abin da ke cikin kwando, shi dai ya ja. In yana kwashe ruwan da ke ƙarƙashin kwando da sauri fiye da yadda tsiro ke sakinsa, abu biyu ne ke faruwa. Tsiron zai danƙare kamar an danna shi da ƙafa, sannan ruwan da ke kan hita zai ragu har ta kusa zama a bushe. Kukan da ka ji iska ce famfon ya fara sha. Sha'ir yana yafe wannan saboda ɓawonsa yana buɗa hanya. Alkama tsirara take zuwa, tun a sussuka take rabuwa da ƙaiƙayinta, babu abin da zai riƙe mata ƙofa. Kai kuma ka sa ta kashi 60 cikin ɗari.

ƊanKura_Shinkafa:
Buntu! Buntun shinkafa shi ne maganinka. A zuba kamar gram 300 a kilo 5 ɗin nan, a cakuɗa da tsiron tun yana bushe. Ba ya ba da ɗanɗano, ba ya ba da sukari, aikinsa kawai ya hana abin danƙarewa. Amma ka ɗauraye shi tukuna, akwai ƙura, kuma in ya shiga a bushe zai sha maka ruwa.

Abin dariya, ƙanina da ke can wajenku ya ce a leda ake sayar da shi da Yuro. Mu nan bakin injin casa tsibi-tsibi yake, masu kaji ne kawai ke ɗiba.

Kawu_Ohio:
Ni dai bari in faɗi wadda ba a so. Shekara tara ina dafa ta alkama, zafi ɗaya, digiri 67, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da kofi. Tsiron zamanin nan an riga an gama masa aiki tun a inda aka tsirar da shi. Zango-zangon nan gadon lokacin da tsiro ba shi da kyau ne, Bajamushe kuma in ya riƙe abu ba ya saki. Ayaba da kanumfari aikin yis ne. Ka sayi yis na gaske, ka kula da zafin tsimawa, ka bar tukunya ta huta.

Ɗaliba_Freising:
Kawu, rabin maganarka gaskiya ce, rabi kuma sai an gyara. Gaskiya ne yis ke yin ƙanshin, amma ba daga iska yake ƙirƙiro shi ba. A fatar ƙwayar hatsi, wato dusa, akwai wani sinadari, ferulik asid, a ɗaure yake. Enzayim ɗin da ke kwance shi, wani sinadarin cikin tsiro, ya fi aiki tsakanin digiri 43 da 45, in aka wuce 60 kuwa ya mutu. Yis ɗin Weizen shi ke juya ferulik ɗin ya koma 4-vinylguaiacol, shi ne abin da hanci ke ji kamar kanumfari. In ka fara daga 67 kai tsaye za ka samu kaɗan, don akwai wanda ya riga ya kwance tun wajen tsirarwa. Zangon 44 ƙari yake yi.

Inda na yarda da kai shi ne zangon furotin, na 50 zuwa 55. Wannan kam tsiron yanzu ba ya buƙatarsa, in ma aka daɗe a wurin kumfa ce ke lalacewa, ga shi kuwa rabin kyan Weizen kumfarta ce.

Yaya BaƙonIsar, tambaya biyu. Ka sa asid ko tsiro mai tsami tun farko? Kuma wane yis ka yi amfani da shi, a digiri nawa?

BaƙonIsar:
Na sa asid tun wajen zuba tsiro, na saukar da pH, ma'aunin tsami, zuwa 5.3 kamar kullum. Yis kuma jinsin Weihenstephan 68 ne. Ɗakin da na ajiye durom ɗin yana kai 22, wani lokaci 23.

Ɗaliba_Freising:
To ka yi wa kanka shinge biyu. Enzayim ɗin da na faɗa ya fi son pH wajen 5.7 zuwa 5.8, saboda haka asid sai bayan an gama zangon 44 ake sa shi. Na biyu, in ɗaki yana 23, cikin durom ya fi haka, don yis yana fid da nasa zafin in yana aiki. A wannan zafin ayaba ce ke yawa har ta danne komai. Gwada 17 ko 18. Mai yiwuwa kanumfarin yana nan, ayaba da ƙauri ne suka zauna a kansa.

Kawu_Ohio:
Kin ga ke ma kin dawo kan maganata, 'yata. Zafin tsimawa.

Ɗaliba_Freising:
Na ce shinge biyu, Kawu, kai ɗaya ka ɗauka ka gudu da shi.

Abu_Nasiha:
Assalamu alaikum. Ni fa na shigo zauren nan ne don koyon sarrafa hatsi, ban san har da koyar da dafa giya ba. Ina tunatar da 'yan'uwa Musulmi cewa haramun ce, shanta da yinta da taimakawa a kanta. Na sauke nauyi.

MaiKulaDaZaure:
Wa alaikumus salam, Malam. An ji tunatarwa, kuma ba wanda zai musa maka hukuncin a addininmu. Sai dai tun kafa zauren nan aka rubuta cewa na masu sarrafa abinci da abin sha ne da ke jin Hausa, akwai Musulmi akwai Kirista, daga Jos har Kumasi. Wanda maudu'i bai yi masa ba ya tsallake zuwa na gaba. A ci gaba da mutunta juna don Allah.

Hajiya_MaiKunu:
Ni ban sha ba, ban dafa ba, ba kuma zan yi ba. Amma karatu nake a nan tun ɗazu, don duk abin da suke faɗa kafin a kai ga sa yis, aikin kunun zaƙi ne sak. In na dama gasara da tafasasshen ruwa, ba na zuba tsiron shinkafa da dankali nan take, sai ya ɗan sha iska. In na yi gaggawa kunun ba ya zaƙi, ba ya kuma sakin jiki, haka zai kwana da kauri. Shekara ashirin ina yi ban san dalili ba. Ashe kashe abin nake yi da zafi?

Ɗaliba_Freising:
Shi ne, Hajiya. Akwai enzayim biyu masu yanka sitaci ya koma sukari. Ɗaya, beta-amilas, yana aiki wajen 60 zuwa 65, kuma ba ya jure zafi, dankali na da shi da yawa. Ɗayan, alfa-amilas, ya fi son 70 zuwa 73, shi ke tsinka kauri. Zangon 63 da na 72 da Yaya ya rubuta, kowanne na ɗaya daga cikinsu ne. Kuma lemon malt na kwalba da ake sha a biki, ruwan tsiro ne irin wannan da ba a bar yis ya ci ba.

TsohonMa'aikaci_Kaduna:
Yara kuna ta ce-ce-ku-ce a kan alkama, ba ku ga wahala ba. Na yi shekara ashirin da shida a ɗakin dahuwa na wani kamfani. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, aka ce kowa ya koma dawa da masara. Injinanmu duk don sha'ir aka ƙera su. Sitacin sha'ir yana narkewa wajen digiri 60 da 'yan kai, daidai inda enzayim ke aiki, Allah ya haɗa su wuri ɗaya. Na dawa sai an haura 70, lokacin beta ɗin da yarinyar nan ta faɗa ya riga ya mutu, ga shi dama ba shi da yawa a tsiron dawa. Ita ma dawa ba ta da ɓawon tacewa. Akwai daren da muka kwana a tsaye muna jiran tukunya ɗaya ta tace. Daga baya aka koma matatar matsi da enzayim na sayarwa, aka kuma riƙa neman irin dawar da ta dace, kamar SK5912 ta Samaru.

Abin da na koya a wurin, ɗana BaƙonIsar: lokacin da sitaci ya fara kumbura shi ne mafi haɗari. Na alkama yana farawa tun daga hamsin da 'yan kai. Wato a kan hanyarka daga 44 zuwa 63 ruwan yake yin kauri, kafin enzayim ya tsinka shi. A 44 kuma garin da ya zubo ta ramukan kwando bai narke ba, kwanciya yake yi a kan hita. Ka haɗa gari a kwance, ruwa mai kauri, wuta a ƙure, famfo a buɗe. Ko ni ne sai na yi ƙanzo.

BaƙonIsar:
Baba na gode, wannan bayanin ya zauna mini. Wutar kuwa a ƙure take, wat 2000.

Anti_Zonkwa:
Baba TsohonMa'aikaci, abin da ya hana ku barci a kamfani, kakata ta san maganinsa ba ta taɓa shiga aji ba. In ta dama garin tsiron dawa da ruwa, sai ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan saman ta ajiye gefe. Gindin shi take ɗorawa a wuta ya dahu sosai, sannan ta sauke ta mayar masa da ruwan da ta ajiye. Muna yara muna ganin kamar al'ada ce kawai. Kuma ba ta yarda a niƙa tsiro da saiwarsa da ɗan ganyen ba, sai an murje an sheƙe, ta ce yana sa ciwon kai.

TsohonMa'aikaci_Kaduna:
Allah ya ji ƙanta, ta fi mu ilimi. Enzayim ɗin yana cikin ruwan da ta ajiye, ta tsare shi daga wuta, ta dafa sitacin shi kaɗai. Turawa sun zo sun ba wannan suna a littafi. Maganar saiwa da ganye ma gaskiya ce, akwai guba a tsiron dawa ɗanye, shi ya sa makiyayi ba ya barin shanu su ci dawa tana ƙarama.

Injiniya_Kakuri:
Mu dawo kan tukunyar bawan Allah. Akwai abin da ba a taɓo ba: lambar da allo ke nuna maka ba zafin tsiro ba ce. Ma'aunin yana ƙasa ne, kusa da hita. In ruwa ba ya ratsa kwando da kyau, allo zai ce 63 ya fara ƙirga minti 35, alhali tsakiyar tsiro tana 54. Ka ga ka yi zangon furotin da ba ka nema ba, ka kuma gajarta wanda ka nema. Ina ma shakkar ko tsakiyar kwandonka ta zauna a 44 ɗin da kake magana.

Ga lissafi mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa tana cin kilojul 4.2 kafin ta hau digiri ɗaya. In ka ƙara ruwan ya kai lita 19, shi da tsiro kilo 5 ka ɗauke su kamar lita 21, wajen kilojul 88 ke nan. Wat 1500 yana ba da kilojul 90 a minti. Wato digiri ɗaya a minti, kuma shi ne hawan da ake so. Daga 44 zuwa 63 minti ashirin. Wat 2000 ba zai sa tsiro ya yi zafi da wuri ba in ruwan ba ya wucewa, gindin tukunya kawai zai gasa.

Sayi dogon ma'aunin zafi na girki, ka soka a tsakiyar kwando. Kada ka fara ƙirga zango sai shi ya yarda.

Kawu_Ohio:
To ai shi ya sa na daina. Mu nan wutar gida volt 120 ce, ba 230 irin ta Turai ba, wat 1500 ɗin nan shi ne kusan ƙarshen ƙarfina. Sau ɗaya na gwada hawa-hawa, allo ya kai da wuri, tsakiyar tsiro ta fi rabin awa tana jan ƙafa a hamsin da wani abu. Giyar ta fito ba kumfa, kamar shayin da ya kwana.

Pito_Tamale:
Ni wata dabara nake yi, kuma tun da na fara ban sake kankare tukunya ba. Zangon 44 ba na kunna famfo, ba na kunna hita. Ina zuba tsiro a ruwa lita 13 mai zafin 47, ya sauko 44, in dama da muciya in rufe. Minti 15 ba zai huce ba. A gefe ina da tafasasshen ruwa wajen lita 8 a wata tukunya. Lokaci na cika sai in tuttula shi a hankali ina damawa, nan take ya haura sittin. Sai in bar shi minti goma enzayim ya tsinka kaurin, sannan in kunna famfo kaɗan-kaɗan. Wurin haɗarin da Baba ya faɗa tsallake shi nake yi gaba ɗaya.

Injiniya_Kakuri:
Dabara ce mai kyau, lissafinta ma ya fita. Amma a lura, akwai lita uku zuwa huɗu da ke zama ƙarƙashin kwando ba sa taɓa tsiro. In ka cire su daga 13, abin da ya rage wa kilo 5 tuwo ne, sai mai ƙarfin damtse.

Pito_Tamale:
Tuwo ne kam. Wanda ya taso yana tuƙa tuwon zafi ba zai ji tsoron kilo 5 ba.

Rayfield_Boy:
Masu bin wannan lissafin daga Jos ku ƙara ruwan kaɗan, namu yana tafasa ne wajen 96 saboda tudu. Kuma ni damuwata ba ƙanzo ba ce, a ɗauke wuta ana tsakiyar zangon 63. Ya taɓa faruwa da ni, na naɗe tukunya da bargo biyu na zauna ina addu'a. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukar hitar.

ƊanKura_Shinkafa:
Wai ni tambaya, ba an ce Jamusawa na da dokar da ta ce sha'ir da ruwa da furen hop mai sa ɗaci kawai za a sa a giya ba? To ina alkama ta samu shiga, balle buntuna?

BaƙonIsar:
Wannan kam na sani, don duk wanda ya zauna a Bavariya, jihar da Munich take, sai an ba shi labarin ko bai tambaya ba. Dokar ta 1516 ce, a Ingolstadt aka yi ta, kuma ɗaya daga dalilanta shi ne a bar wa masu burodi alkama. Amma an bar wa wani gidan sarauta, Degenberg, izinin dafa ta alkama. Da zuriyarsu ta ƙare a 1602 sai izinin ya koma hannun masu mulkin Bavariya, suka riƙe abin su kaɗai suna cin riba. A 1872, lokacin kasuwarta ta faɗi, wani mai dafa giya, Georg Schneider, ya karɓi izinin. Yau ƙa'idar ita ce alkama ta kai aƙalla rabi. Buntu kuma a kicin ɗina ba mai zuwa dubawa.

Ɗaliba_Freising:
Ƙari a kan ɓarza, don ban ga an faɗa ba. Kada a ɓarza su tare. Sha'ir a buɗe injin, a fasa ƙwayar kawai ɓawon ya fita da girmansa. Alkama ƙwayarta ta fi ƙanƙanta da tauri, tana son a ɗan matse, amma in ta zama gari ka dawo gidan jiya. Kuma kafin ka bar 72 ka ɗiga ruwan a farin faranti ka sa masa aidin. In ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi akwai sauran sitaci, ƙara minti goma.

Wanda kuma ayaba yake so, ba kanumfari ba, akwai hanyar Herrmann da aka fitar a makarantarmu ta nan Weihenstephan. Ana dafa wani kaso na tsiron a 62 da 72 tukuna, sai a sanyaya da ruwa zuwa 45 a zuba sauran. A wannan zafin wani enzayim, maltas, yana raba maltos, sukarin tsiro, ya koma gulukos, yis kuma in ya samu gulukos da yawa ya fi fid da ƙanshin ayaba.

Kawu_Ohio:
Ko kuma ka zuba gulukos na leda cokali kaɗan a tafasa, ka samu awa biyu ka yi barci.

Ɗaliba_Freising:
Kawu kai dai ba ka son wahala.

Kawu_Ohio:
Na sha ta a ƙuruciya, ta ishe ni.

Hajiya_MaiKunu:
To ni tawa tambayar, tunda an ce lemon malt ruwan tsiro ne. In na samu irin tukunyar nan, zan iya yin na alkama in tsaya kafin yis, in ɗura a kwalba in sayar?

TsohonMa'aikaci_Kaduna:
Za ki iya, Hajiya, amma ki ji tsoron kwalbar. Ruwa ne mai sukari da ba abin da ya ci shi, duk ƙwayar da ta faɗa ciki ta samu gida. Ko ki sa yis ko kada ki sa, na iska zai shiga, ya yi tsami ya fara zama abin da kike gudu, kwalba kuma ta fashe. A kamfani bayan an rufe kwalba sai an bi da ita ta ruwan zafi kafin ta fita. In ba ki da hanyar yin haka, ki yi kaɗan, ki sa a firiji, a shanye a kwana biyu kamar kunu.

Abu_Nasiha:
Wannan ɓangaren dai na amfana. Allah ya saka, Baba.

BaƙonIsar:
Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na sake dafawa. Alkama na rage ta zuwa kilo 2.75, sha'ir 2.25, buntu gram 300 da na jiƙa tun dare, ruwa lita 19. Ban bi hanyar Pito_Tamale gaba ɗaya ba, don ba ni da babbar tukunya ta biyu, amma na ɗauki rabinta: a 44 famfo a kashe, ina damawa da hannu. Asid sai da zangon ya cika na sa. Da zan hau na sa wuta a wat 1400, bawul kashi ɗaya cikin huɗu, ina kallon ruwan saman kwando kada ya wuce yatsa biyu. Sau biyu ya so taruwa wajen 56, na kashe famfo na yanka tsiron da doguwar wuƙa kamar ana yanka alkaki, ya sauka.

Injiniya, maganarka ta fito. Lokacin da allo ya ce 63, ma'aunin da na soka a tsakiya 57 yake nunawa. Sai bayan minti tara suka haɗu. Daga 63 zuwa sama kuwa ruwan ya zama kamar ba shi ba, na buɗe bawul rabi yana wucewa salin alin. Gindin tukunya ɗan fari-fari ne kawai, soso ya ɗauke. Na samu lita 22 a Plato 12.5, ma'aunin yawan sukari ke nan. Durom yana ɗakin ƙasa a 17, na bar masa sarari da yawa a sama don an ce yis ɗin nan yana hauka.

Aikin ya ci mini awa bakwai, na zafi ɗaya awa biyar ne.

ƊanKura_Shinkafa:
Buntu ya yi rana. A turo kuɗin shawara.

Kawu_Ohio:
Madalla da rashin ƙanzo. Amma ka lura ka canza abu biyar a lokaci ɗaya: buntu, famfo, wuta, asid, zafin tsimawa. In kanumfari ya fito, wa za ka gode wa? Ni na ce 17 ɗin ce za ta yi aikin. In kana son gaskiya, dafa ta uku da komai iri ɗaya amma ka fara daga 63 kai tsaye. Sai madam ta zuba maka kofi uku ba ka gani, biyu iri ɗaya ɗaya daban, ka nuna na daban ɗin. In ka iya sau uku a jere, zan yi zangon 44 in ɗauki hoto in turo zauren nan.

Ɗaliba_Freising:
Wannan gwajin na yarda da shi, haka muke yi a makaranta. Amma a yi shi cikin sati uku zuwa huɗu da ɗurawa, Weizen ba ta son tsufa, ƙanshin ayabar ne ke fara gudu. Kuma kwalaben su zama masu kauri, iskar da ake ba ta ta fi ta sauran.

Anti_Zonkwa:
Kakata da gwiwar hannu take auna zafi, ku kuna da allo da ma'auni biyu kuna ta musu.

Injiniya_Kakuri:
Anti, ita a cikin tsiron take sa gwiwar, ba a gindin tukunya ba.

BaƙonIsar:
Kawu na karɓi ƙalubale, sai dai madam ta ce kicin ɗinta ba ɗakin gwaji ba ne, sai wata mai zuwa. Kafin nan, yau da safe na leƙa durom, kumfa ta cika sararin da na bari har ta fara fitowa ta bututun iska, kuma wani wari yake yi kamar dafaffen ƙwai. Ɗaliba, haka yake yi ko in fara damuwa?